Duane Allman da Gadon Kiɗan Kwalba

 A yau za mu ƙetare teku zuwa jihohin kudu na ƙasar Amurka, domin mu yi nazarin tarihin wani makaɗin jita mai suna Duane Allman, wanda Allah bai ba shi tsawon kwana ba, gama ya rasu yana da shekara 24 kacal, amma duk da haka ya bar wa ma'abota sana'arsa wata hanya wadda har yau ake bi, ana kuma jingina ta gare shi kamar yadda ake jingina mazhaba ga limaminta.

An haife shi ran 20 ga Nuwamba 1946 a birnin Nashville na jihar Tenesi. Mahaifinsa soja ne, kuma tun Duane yana ɗan shekara 3 wani mutum da mahaifin ya rage wa hanya a mota ya harbe shi, sai ya zamana mahaifiyarsu Geraldine ita kaɗai ta ɗauki nauyinsa tare da ƙanensa Gregg. Ta sa su a makarantar kwana ta horon soja yayin da take neman ilmin akanta, daga baya kuma suka ƙaura zuwa Daytona Beach a jihar Fulorida. Ƙanen ne ya fara mallakar jita, da kuɗin da ya tara na rarraba jaridu, amma wan ne ya kamu da ita, har ya watsar da makaranta ya zauna gida yana kaɗawa dare da rana.

Ya kamata mu lura da zamanin da kuma wurin. A jihohin kudu a lokacin nan doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta da gidan abinci da motar haya, ba a kuwa gama soke wannan zalunci a hukumance ba sai a 1964. Amma iska ba ta san wannan doka ba, domin idan dare ya tsala akwai wata tashar rediyo a Nashville mai suna WLAC wadda muryarta ke kaiwa nesa ƙwarai, tana watsa waƙoƙin baƙaƙen fata irin waɗanda ake kira buluz, kuma ta wannan taga ne yaran nan biyu fararen fata suka ji B.B. King da Muddy Waters da ire-irensu, suka ɗauke su malamai tun kafin su yi ido biyu da su. Mu da muke aikin rediyo muna da haƙƙin mu yi alfahari da wannan.

To, mene ne kiɗan kwalba? Jita dai tana da tsirkiya shida, kuma a kan wuyanta an gitta waɗansu siraran ƙarafa bi da bi, waɗanda suka yanka sauti zuwa matakai ƙididdigaggu, ta yadda idan makaɗi ya danna tsirkiya a bayan ƙarfe guda zai sami murya guda, in ya matsa gaba ya sami ta gaba da ita, babu kome a tsakani. Muryar ɗan Adam kuwa ba haka take ba, domin mai kuka ko mai roƙo ko mai rera waƙa yana ratsa dukan abin da ke tsakanin mataki da mataki, yana hawa yana sauka yana karkarwa, kuma a cikin wannan tsakani ne baƙin ciki da bege suke zaune. Saboda haka makaɗan baƙar fata na yankin kogin Misisifi suka gano cewa idan aka ɗora wuƙa ko wuyan kwalba a kan tsirkiya aka zame da ita, ba tare da an danna har ƙasa ba, sai ƙarafan nan su zama ba su da hukunci, tsirkiya ta sami 'yancin bin murya duk inda ta nufa. Wanda ya taɓa jin yadda mai goge yake jan sauti ba tare da wani mataki ya tsare shi ba, ya riga ya fahimci rabin al'amarin. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya wallafa littafi a 1999 inda ya kawo hujjojin cewa da yawa daga siffofin buluz, musamman wannan lanƙwasa murya, tushensu yana cikin ƙasashen Sudan ta yamma da ta tsakiya, inda aka kwashi bayi masu yawa. A Amurka kuwa, ɗaya daga cikin tsofaffin shaidu shi ne na mawaƙi W.C. Handy, wanda ya ba da labarin cewa wajen 1903, yana jiran jirgin ƙasa da dare a tashar Tutwiler, ya ji wani talaka yana goga wuƙa a kan jita, kuma bai taɓa jin sauti mai ban mamaki irin wannan ba. Daga nan fasahar ta bi ta hannun Son House da Robert Johnson da Muddy Waters, har ta iso ga Elmore James, wanda ya haɗa ta da wutar lantarki ya yi suna da ita tun daga 1951.

Duane bai shiga wannan babi ba sai a 1968, bayan ya sha wahala a Los Angeles da wata ƙungiya tasu mai suna Hour Glass, inda kamfanin faifai ya tilasta musu rera waƙoƙin da ba sa so. Ƙanensa Gregg ya ruwaito cewa a wannan lokaci Duane ya faɗo daga kan doki ya ji ciwo a gwiwar hannu, ga kuma mura ta kama shi, sai shi Gregg ya ajiye masa kyauta a bakin ƙofa, wato faifan farko na mawaƙi Taj Mahal da kuma 'yar kwalbar ƙwayoyin maganin mura mai suna Coricidin. Bayan 'yan sa'o'i Duane ya kira shi, da ya zo sai ya tarar ya zubar da ƙwayoyin, ya wanke takardar jikin kwalbar, ya zura yatsansa na zobe a ciki, yana bin wata waƙa ta faifan mai suna "Statesboro Blues". Wannan 'yar kwalba, wadda ake jefarwa a juji in magani ya ƙare, ita ce ta zama alamarsa har ƙarshen ransa, kuma a yau kamfanoni suna ƙera irinta musamman domin makaɗa.

Ku dubi isnadin wannan waƙa guda, domin a cikinsa akwai tarihin Amurka a taƙaice. Wanda ya tsara ta makaho ne baƙar fata na jihar Jojiya, Blind Willie McTell, ya kuwa ɗauke ta a faifai a 1928, ya yi yawancin rayuwarsa yana kiɗa a bakin titi, ya rasu a 1959 ba tare da dukiya ba. Bayan shekara 40 Taj Mahal ya raya ta, kuma wanda ya kaɗa masa kwalba a cikinta shi ne Jesse Ed Davis, ɗan asalin jajayen Indiyawan Oklahoma. Daga gare shi Duane ya karɓa. Mutum uku ke nan daga jinsi biyu kafin abin ya iso ga ɗan farar fata, kuma abin da ya sa nake girmama Duane shi ne bai taɓa ɓoye wannan silsila ba. A cikin faifan ƙungiyarsa na Fillmore, wanda za mu zo kansa nan gaba, ana jin muryarsa tsakanin waƙa da waƙa yana faɗa wa dubban matasa fararen fata cewa wannan ta Elmore James ce, wannan kuma ta T-Bone Walker ce, alhali kuwa a wancan zamani akwai manyan makaɗa da suka kwashi waƙoƙin baƙaƙen fata suka rubuta sunayensu a kai, sai da aka kai su gaban alƙali.

Yadda yake sarrafa kwalbar ma abin dubawa ne kusa da kusa. Da farko yakan ɗaure tsirkiyoyin shida ta yadda idan aka kaɗa su gaba ɗaya, ba a danna ko ɗaya ba, muryoyinsu za su dace da juna, saboda haka duk inda ya gitta kwalba a kan wuyan jitar sauti cikakke zai fito. Sa'an nan yakan ajiye ɗan tsinken roba da makaɗa ke kaɗawa da shi, ya yi aiki da tsirarun yatsun damansa, yatsa guda yana fizgar tsirkiyar da ake bukata, sauran suna kwance a kan 'yan'uwanta suna hana su motsi, domin kwalba tana taɓa tsirkiya da yawa a lokaci guda, kuma in ba a tsare su ba sai hayaniya ta rufe magana. Abu na uku, wanda shi ne mafi wuya, shi ne daidaiton murya, gama tun da ƙarafan wuyan jita sun daina yi wa makaɗi jagora, babu abin da ya rage masa sai kunnensa, kuma kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya ɓata sauti. Magabatansa galibi sun yi amfani da kwalba wajen maimaita gajerun jimloli masu zafi. Shi kuwa ya mai da ita harshe mai dogon numfashi, yana kwaikwayon masu busa, yana hawa da ita can ƙarshen wuyan jita har ya wuce inda ƙarafan suka ƙare, ya fito da wata siririyar murya mai kama da kukan tsuntsu.

A ganina, makarantar da ta gyara shi ita ce ɗakin ɗaukar waƙa na FAME a garin Muscle Shoals na jihar Alabama, inda mai wurin, Rick Hall, ya ɗauke shi aikin haya a ƙarshen 1968. Makaɗin haya aikinsa hidima ne ga mawaƙi, ya yi shiru inda murya ke magana, ya amsa inda ta numfasa, kuma wanda ya yi wannan hidima ga Wilson Pickett da Aretha Franklin da Clarence Carter da mai busa King Curtis lalle ya koyi ladabin sauraro daga bakin manya. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin cewa wata rana makaɗa suka fita cin abincin rana, Pickett da Duane suka zauna, domin a Alabama ta lokacin shigar baƙar fata gidan abinci tare da saurayi mai gashi har kafaɗa neman fitina ne. A wannan zama ne Duane ya shawo kan Pickett ya rera "Hey Jude" ta ƙungiyar Beatles, shawarar da aka fara ɗauka wauta. A ƙarshen waƙar, inda Pickett ke ƙwala ihu jitar Duane tana amsa masa, an ji abin da ba a saba ji ba, kuma Eric Clapton na Ingila, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a kan jita, ya sha faɗin cewa da ya ji wannan wuri sai da ya nemi sanin wane ne makaɗin.

Phil Walden, wanda dā shi ne manajan marigayi mawaƙi Otis Redding, ya sayi kwantiraginsa ya ce ya kafa ƙungiya, kuma a watan Maris 1969 a birnin Jacksonville aka haɗu mutum shida: Duane da Dickey Betts a kan jita, Berry Oakley a kan jita mai kaurin murya, Butch Trucks da Jai Johanny Johanson wanda ake kira Jaimoe a kan ganguna, sai Gregg da aka kirawo daga Kalifoniya ya riƙe waƙa da ogan. Mutum na farko da Duane ya zaɓa shi ne Jaimoe, baƙar fata daga Misisifi, kuma yawo da ƙungiya mai gauraye a ƙauyukan kudu a 1969 ya jawo musu tsangwama ba kaɗan ba. Suka zauna a garin Macon na Jojiya cikin talauci, har wata baƙar mace mai gidan abinci, wadda suke kira Mama Louise, ta riƙa ciyar da su bashi saboda tausayi, su kuma ba su manta da ita ba bayan da suka samu. Jaimoe ne ya buɗe musu ƙofar kiɗan jaz, ya sa su sauraron Miles Davis da John Coltrane, kuma Duane ya faɗa da bakinsa cewa ya daɗe yana nazarin faifan Miles mai suna "Kind of Blue". Daga nan suka ɗauki tsarin da ya bambanta su da kowa, wato a kafa gajeren matani na waƙa, sa'an nan kowane makaɗi ya yi masa sharhi nan take gwargwadon abin da ya zo masa, sauran suna saurarensa suna ba shi amsa, har a komo ga matanin.

Faifansu biyu na farko, na 1969 da na 1970, ba su yi kasuwa sosai ba. A tsakanin haka ne, a ƙarshen watan Agusta 1970, mai tsara faifai Tom Dowd ya kai Clapton kallon wasansu a Miami, kuma a daren nan aka wuce da Duane ɗakin ɗaukar waƙa na Criteria, inda Clapton yake fama da wani aiki da ya ƙi tafiya. Faifan da ya fito daga wannan haɗuwa shi ne "Layla and Other Assorted Love Songs", kuma Duane ya kaɗa a waƙa 11 daga cikin 14. Masu sauraro da suka karanta adabin Larabci za su gane sunan, domin Lailar Majnunu ce, wadda Clapton ya san ƙissarta ta hanyar littafin Nizami mawaƙin Farisa, wanda abokinsa Ian Dallas ya ba shi, shi Dallas ɗin nan kuwa shi ne ya musulunta aka san shi da Shaihu Abdulƙadir as-Sufi. Abokan aikin sun shaida cewa Duane ne ya kawo jimlar nan mai sauri da ke buɗe waƙar, kuma kwalbarsa ce ke kuka a samanta har ƙarshe. Clapton ya nemi ya zauna tare da su dindindin, ga kuɗi ga suna, amma Duane ya koma wurin 'yan'uwansa na Macon.

Ran 12 da 13 ga Maris 1971 aka ɗauki wasansu kai tsaye a zauren Fillmore East na birnin New York, aka fitar da shi a watan Yuli. A cikinsa "Whipping Post" ta ci wajen minti 23, fuskar faifai guda sukutum, "In Memory of Elizabeth Reed" ta Dickey Betts kuma wajen minti 13, amma mai sauraro mai haƙuri zai tarar babu surutun banza a ciki, domin kowace jimla tana haifar da mai bi mata. Ina ganin wannan faifai shi ne hujja mafi ƙarfi a kan matsayin Duane, fiye ma da "Layla", saboda a nan ne ake jin shi yana jagorancin mutum biyar ba tare da ya danne kowa ba. A 2004 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya shigar da shi cikin kundin sautukan da ake adanawa domin tarihin ƙasa.

Ba daidai ba ne mu ɓoye cewa rayuwar yawon nan ta jefa su cikin shaye-shaye, har da hodar iblis da ƙwaya mai tsanani ta heroin, kuma a watan Oktoba 1971 Duane da waɗansu daga cikinsu sun kwanta asibiti domin neman rabuwa da ita. Baiwarsa ba daga ƙwaya ta fito ba, daga aikin dare da rana ta fito, ƙwayar kuwa ta ci abokansa da yawa daga baya. Kwanaki kaɗan bayan fitowarsa, ran 29 ga Oktoba 1971, yana tafe da gudu a kan babur ɗinsa Harley-Davidson a cikin Macon, sai wata babbar mota mai ɗauke da injin ɗaga kaya ta tsaya a mararraba, ya kauce bai tsira ba, babur ya faɗo masa, ya cika bayan 'yan sa'o'i a asibiti, saura mako uku ya cika shekara 25. Bayan shekara guda, ran 11 ga Nuwamba 1972, Berry Oakley ya yi karo da motar bas a kan babur, tazarar layi uku daga wurin, shi ma yana da shekara 24. An binne su gefe da gefe a maƙabartar Rose Hill, inda dā suke zuwa su zauna suna kiɗa, kuma a 2017 aka kai Gregg kusa da su.

Faifan "Eat a Peach" da ya fito a 1972 yana ɗauke da aikinsa na ƙarshe, ciki har da "Little Martha", ɗan gajeren kiɗa marar waƙa, wanda shi kaɗai ne ƙungiyar ta ɗauka da sunan Duane shi ɗaya a matsayin mai tsarawa. Wannan yana nuna mana cewa gadonsa ba tarin waƙoƙi ba ne, hanya ce ta kaɗawa da kuma hanya ta zama da abokan kiɗa. Bayansa ƙungiyoyi da yawa sun taso a kudu ana kiran kiɗansu rok na kudu, kuma ɗaya daga cikinsu, Lynyrd Skynyrd, ta sha sadaukar masa da waƙarta "Free Bird" a wurin wasa. Sai dai waɗansu daga cikin masu da'awar bin sa sun ɗauki ƙarar jita da dogon gashi, suka kuma rataya tutar tsofaffin jihohin masu riƙon bayi a bayan dandali, abin da bai dace ko kaɗan da mutumin da ya fara kafa ƙungiyarsa da Jaimoe ba, wanda kuma ya je jana'izar King Curtis cikin baƙin ciki watanni biyu kafin tasa. A 1995 aka shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na makaɗan rok, kuma a 2003 mujallar Rolling Stone ta sa shi na biyu a jerin gwanayen jita 100, Jimi Hendrix kaɗai ke gabansa. Irin wannan jeri ra'ayi ne na masu mujalla, amma yana nuna ƙimar mutumin da shahararsa duka ba ta wuce shekara uku ba.

Magajinsa na haƙiƙa bai taɓa ganinsa ba. Derek Trucks, ɗan ɗan'uwan Butch mai ganga, an haife shi a 1979, shekara 8 bayan rasuwar Duane, ya tashi yana barci da faifan Fillmore a kunnensa, ya ɗauki ɗaurin tsirkiya iri ɗaya da kwalba iri ɗaya da kaɗawa da tsirarun yatsu, ya shiga ƙungiyar a 1999 ya tsaya a gurbin Duane. Bai tsaya ga taƙlidi ba, domin ya je makarantar Ali Akbar Khan a Kalifoniya ya nazarci kiɗan Indiya, ya kuma yi aiki da Rahat Fateh Ali Khan mawaƙin ƙawali na Pakistan, ya faɗaɗa abin da ya gada kamar yadda Duane ya faɗaɗa na Elmore James. Ƙungiyar ta yi wasanta na ƙarshe a zauren Beacon na New York ran 28 ga Oktoba 2014, wasan ya kai har bayan tsakar dare, wato ya shiga ranar cika shekara 43 da rasuwar wanda ya kafa ta. A wannan shekara kuma 'yarsa Galadrielle, wadda take da shekara 2 lokacin da ya rasu, ta wallafa littafi a kansa bayan ta bi abokansa ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu wane ne mahaifinta.

Jama'a masu sauraro, wanda yake da waya ko hanyar intanet, ina roƙonsa ya nemi "Statesboro Blues" sau uku bi da bi, ta McTell ta 1928, da ta Taj Mahal ta 1968, da ta Fillmore ta 1971, ya saurare su a natse a zama guda, domin kunnensa ya gane abin da kowane hannu ya karɓa da abin da ya ƙara. Matasanmu masu koyon jita kuwa, ku riƙa ambaton waɗanda kuka koya daga gare su a gaban jama'a.